Tallafin gwamnati ga masu ƙirƙira a yankin da aka bari baya: wa za a ba, kuma ta yaya?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. An sa ni cikin kwamitin da zai tsara ƙa'idojin raba tallafin gwamnati ga masu ƙananan kamfanoni da masu ƙirƙira a wani yanki da masana'antunsa suka durƙushe, matasansa masu ilimi kuma duk wanda ya samu hanya sai ya kama gabansa zuwa babban birni. Kuɗin kyauta ne, ba rance ba ne, ba a kuma karɓar hannun jari. Daftarin da aka miƙo mana ya ware fiye da rabin kuɗin don gina cibiyar ƙirƙira mai bene, da ɗakin taro da kwamfutoci. Ragowar za a raba wa waɗanda suka ci gasar rubuta tsarin kasuwanci. Tun da na karanta shi hankalina bai kwanta ba, amma na kasa faɗa wa kwamiti takamaiman abin da ke damuna. Waɗanda suka san harkar ku taimaka min, ranar Alhamis za mu sake zama.

Nura:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni tun daga tushe nake da ja. Me ya haɗa gwamnati da zaɓen kamfanin da zai yi nasara? Ma'aikacin da bai taɓa biyan albashin ko mutum ɗaya daga aljihunsa ba, shi zai zauna ya ce wannan dabara za ta ci, waccan ba za ta ci ba? A Amurka ma, da duk ƙwararrunsu, sun tsaya wa kamfanin Solyndra mai haɗa faifan sola ya ci bashin dala miliyan 535 a 2009, ya karye a 2011. A gyara hanya, a kawo wuta, a rage haraji, a bar 'yan kasuwa su nemi jarinsu.

Dakta Hadiza:
Malam Nura, tun da ka kawo Solyndra, adalci shi ne ka kawo ɗaya rabin labarin. Ma'aikatar makamashi ta Amurka da ta tsaya wa Solyndra, ita ce dai ta ba kamfanin Tesla mai ƙera motocin lantarki rancen dala miliyan 465 a 2010, Tesla ta biya duka a 2013, shekaru tara kafin wa'adi. Kuma duka biyun rance ne ga manyan kamfanoni, Hajiya kuwa ƙananan tallafi take magana.

Dalilin da ya sa gwamnatoci ke shiga wannan harka sananne ne. Mai sabuwar dabara ba shi da abin jingina, banki kuwa jingina yake kallo. Masu zuba jarin kasada, waɗanda ke sayen hannun jari a sabon kamfani da fatan ya bunƙasa, ba sa son nisa da gida: a Amurka kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan jari yana ƙarewa ne a jihohi uku kacal, Kalifoniya da Niyok da Masacusets. In haka abin yake a can, yi tunanin yankin da ko mai irin wannan jari ɗaya babu. Sannan ilimin da kamfani ɗaya ya samo ba ya tsayawa a wurinsa. Ma'aikacinsa zai fita ya buɗe nasa, maƙwabci zai kwaikwaya. Riba ta bazu ga jama'a, asara kuwa ta mai farawa ce shi kaɗai. Shi ya sa kasuwa in an bar ta ita kaɗai take kashe ƙasa da abin da ya kamata a kan gwaji.

Nura:
Na ji, Dakta. Amma cewa kasuwa tana da giɓi bai nuna gwamnati ce ta iya cike shi ba.

Dakta Hadiza:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa tambayar Hajiya ta fi tawa da taka amfani. An riga an ware kuɗin. Abin da ya rage shi ne yadda za a kashe.

Malam Auwal:
Hajiya, ni akanta ne, bari in gaya miki abin da ke damunki, don ni ma shi ya tsaya min a rai. Ginin ne. Ki tambayi kwamiti abu uku. Bayan an gama ginin, wa zai biya wuta da intanet da masu gadi da gyara a shekara ta biyu da ta uku? Akwai wannan a kasafin? Na biyu, kamfanoni nawa ne a yankin suka ce rashin ofis ne ya hana su ci gaba? Na uku, babu wani gini na jami'a ko na kwalejin fasaha da ke zaune babu kowa, wanda za a iya gyara ɗakuna biyu a ciki da kashi kaɗan na wannan kuɗi? Na duba littattafan cibiyoyi irin wannan har guda biyu a rayuwar aikina. Duka biyun a shekara ta uku hayar ɗakin taro ce ke riƙe da su.

Baba Ilyasu:
Salamu alaikum. Na yi shekara talatin da wani abu a aikin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma na sa hannu a irin wannan daftari da hannuna, don haka ba zagin kowa nake yi ba. Gini yana shiga daftari ne saboda shi ake gani. Ana aza harsashi a ɗauki hoto, ana buɗewa a yanke ƙyalle, mai binciken kuɗi ya zo ya ƙirga tagogi ya ce e, an yi aiki. Amma ka ba matasa arba'in kuɗin gwaji, talatin su faɗi, me za ka nuna wa shugabanka? Ma'aikaci yana tsoron a ce ya yi asarar kuɗin jama'a, gini kuwa ko ya zama kango ba wanda zai kira shi asara.

Ku karanta tarihin kudancin Italiya. A 1950 suka kafa asusu na musamman don raya kudu, Cassa per il Mezzogiorno. Shekarun farko sun yi abin kirki, hanyoyi da ruwan sha da noman rani, kuma tazarar da ke tsakanin kudu da arewa ta ragu. Daga baya aka koma dasa manyan masana'antun ƙarfe da na sinadarai a wuraren da babu ƙananan kamfanonin da za su yi musu aiki, 'yan siyasa kuma suka shiga rabon. Su kansu Italiyawa suka raɗa wa waɗannan masana'antu suna majami'u a tsakiyar hamada. An rufe asusun a 1984, kudu har yau tana baya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Hajiya Rabi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan magana ta tsoron asara ita ce na ji a bakin shugaban kwamitinmu, ko da yake bai faɗe ta a fili haka ba. Malam Auwal, na rubuta tambayoyinka uku. To in an rage ginin, kuɗin su tafi ina? Gasar tsarin kasuwancin ita ma ina da shakku a kanta.

Dakta Hadiza:
Hajiya, a nan zan ɗan tsawaita, ki yi haƙuri, don a nan ne ake da hujja mai ƙarfi.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da masana suka fi ambato a duniya a kan wannan batu shi ne YouWiN, gasar tsarin kasuwanci ta gwamnatin Najeriya, wadda aka fara a 2011. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, aka ba 1,200, kowanne kimanin dala 50,000 in an daidaita, kuma kashi-kashi aka riƙa biya. Abin da ya sa ta zama abin nazari shi ne, bayan an tace an fitar da waɗanda suka cancanta, an ɗauki wasu saboda makinsu ya fi na kowa, sai aka zaɓi 729 ta hanyar ƙuri'a daga cikin 1,841 da suka rage. Wannan ya ba David McKenzie na Bankin Duniya damar bin sawun waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ba ta faɗa wa ba, mutane masu kama da juna ta kowace fuska in ban da kuɗin. Bayan shekara uku, waɗanda suka samu sun fi ci gaba da kasuwanci, sun fi ciniki da riba, kuma yiwuwar su ɗauki ma'aikata goma ko fiye ta ƙaru da sama da maki 20 cikin 100. Wato kuɗin kyauta ga ƙaramin kamfani yana iya haifar da aikin yi na gaske. Malam Nura, wannan amsa ce gare ka.

Amma ga ɓangaren da ya shafi shakkunki. Shi McKenzie da wani abokin aikinsa sun koma sun duba makin da alƙalai suka ba tsare-tsaren kasuwancin, suka kwatanta da abin da ya faru da kamfanonin daga baya. A tsakanin waɗanda suka tsallake tacewar farko, makin alƙalai bai nuna wanda zai yi nasara ba. Sun gwada da manhajar kwamfuta mai yin hasashe ma, ita ma ba ta taɓuka abin a zo a gani ba. Malam Nura, wannan ma naka ne, amma ta ɗaya gefen.

Abin da nake ɗauka daga nan: alƙalai suna iya ware mai shirme daga mai hankali, amma tsakanin masu hankali ɗari biyu ba su san wa zai ci ba, kuma babu wanda ya sani.

Nura:
To ai kin dawo kan maganata, Dakta. Ba su iya zaɓe ba.

Dakta Hadiza:
Ba su iya zaɓen zakara ba, e. Kuɗin kuwa ya yi aiki duk da haka. Ka riƙe biyun tare.

Zainab:
Anti Rabi, ni ɗaya ce daga cikin irin waɗanda za su nemi wannan tallafi, bari in faɗi yadda abin yake daga ƙasa. Gasar rubuta tsari tana auna iya rubutu ne. Na san mai gyaran injina da ya ƙera na'urar busar da amfanin gona da hannunsa, mutane na saye, amma in kin ba shi fom mai shafi ashirin da hasashen kuɗin shiga na shekara biyar, ya faɗi tun kafin a fara. Na kuma san waɗanda sana'arsu ita ce cin gasa. Suna da hotunan gabatarwa masu kyau, sun haddace kalmomin da alƙalai ke so, daga wannan gasa sai waccan, amma ba su da mai saye ko ɗaya. Har masu rubuta wa mutane tsari akwai, a biya su wani kaso in an ci. Don Allah ku sa a je a ga abin da mutum yake yi da ido. Gani ya kori ji.

Malam Auwal:
Zainab ta yi gaskiya, kuma ba a ƙananan ƙasashe kaɗai ake fama da wannan ba. Shirin SBIR na Amurka tun 1982 yake, hukumomin gwamnati masu manyan kasafin bincike suna ware kashi 3.2 cikin 100 na kuɗin binciken da suke bayarwa waje don ƙananan kamfanoni. Qualcomm, babban kamfanin fasahar wayar salula, na cikin waɗanda suka amfana tun suna ƙanana. Amma su ma sun samu kamfanonin da suka mai da shi saniyar tatsa, suna cin tallafi bayan tallafi ba tare da sun kai kaya kasuwa ba, har sai da majalisa ta ƙara tsaurara sharuɗɗa a kan masu yawan ci a 2022. Ki sa iyaka, Hajiya. Wanda ya ci sau ɗaya ba zai sake nema ba sai ya nuna ciniki.

Dakta Hadiza:
Tun da an ambaci SBIR, akwai abin da zai taimaka wajen yanke girman tallafin. Shirin mataki-mataki ne: na farko ƙarami, don a gwada ko dabarar za ta yiwu, na biyu babba. Wata masaniyar tattalin arziki, Sabrina Howell, ta yi nazarin na ma'aikatar makamashi, ta kwatanta waɗanda suka ci da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar. Tallafin mataki na farko, dala 150,000, ya kusan ninka yiwuwar kamfani ya samu jarin 'yan kasuwa daga baya, daga kashi 10 zuwa kashi 19 cikin 100. Na mataki na biyu, wanda ya kai dala miliyan 1, ba ta ga ya yi irin wannan tasiri ba. Bayaninta shi ne ƙaramin kuɗin yana ba mutum damar ƙera samfurin farko, da zarar samfurin ya yi aiki sai masu jari su rage tsoro. Ƙanana da yawa a farkon tafiya sun fi manya 'yan kaɗan.

Injiniya Bashir:
Ina karantawa tun ɗazu. Ni na taɓa cin irin wannan tallafi, kuma saura ƙiris ya kashe min kamfani. Ba wanda ya cuce ni, tsarin biyan ne. Sharaɗin shi ne ka kashe kuɗinka tukuna, ka kawo rasit, a mayar maka. Na yi murna na sa hannu. Na ci bashi na sayo kayan aiki, na ɗauki mutum uku. Na miƙa rasit, aka ce akwai guda biyu da ba su da tambari, aka dawo da fayil ɗin gaba ɗaya. Na gyara, jami'in da ke kula da ni aka canza masa wurin aiki, sabon ya ce sai ya fara daga farko. Wata bakwai ina biyan kuɗin ruwa a kan kuɗin da aka ce kyauta ne. Biyu daga cikin ukun nan sai da na sallame su, ɗaya kuwa shi ne ya fi kowa iya aikin, kuma bai dawo ba.

Hajiya, ki duba shafin da ya yi maganar biya kafin ki duba komai. Tsarin kashe-ka-karɓa an yi shi ne don mai kuɗi. Haka sharaɗin ka kawo rabi mu kawo rabi. A takarda yana da kyau, wai don a ga mutum ya sa nasa. A yankin da babu jari kuwa, waɗanda dama suke da shi kaɗai ke iya cika shi.

Hajiya Rabi:
Injiniya, Allah ya mayar da alheri. Na buɗe daftarin yanzu, kuma wallahi abin da ka faɗa ne a ciki, a mayar bayan an kawo rasit. Ban ma lura da nauyinsa ba sai yanzu.

Malam Auwal:
Amma Injiniya, ka duba ta ɓangaren mai bayarwa. In ka ba mutum kuɗi gaba ɗaya a hannu ya ɓace fa? Rasit ba don mugunta aka ƙirƙiro shi ba.

Injiniya Bashir:
Ban ce a ba shi gaba ɗaya ba, Malam. A raba uku. Kashin farko a gaba, da zarar an sa hannu. Na biyu sai an je an ga abin da aka yi alkawari, samfuri ne ko masu saye na farko. Wanda ya ɓace da kashin farko, an yi asarar kashi ɗaya cikin uku, a sa sunansa a jerin waɗanda ba za su ƙara samu ba. Kuma hukuma ita ma ta ɗaure kanta: in an cika sharaɗi, a biya cikin kwana talatin. Yanzu wa'adi a kan mai karɓa kaɗai yake.

Malam Auwal:
Wannan na yarda da shi. In dai akwai asusun banki na kamfani daban da na mutum.

Baba Ilyasu:
Akwai abin da ba ku taɓo ba, kuma shi ne ya bambanta tallafin yanki da sauran tallafi. Kun ba yaro kuɗi, ya yi nasara, sai ya tattara ya koma babban birni inda masu saye da masu jari suke. Yankin ya yi renon ɗa, wani ya more. Chile ta gwada wani abu a 2010, Start-Up Chile, tana ba masu sabbin kamfanoni daga ko'ina a duniya dala 40,000 da bizar shekara ɗaya su zo su zauna. Sun zo da yawa, da yawa kuma suka tafi bayan wa'adi ya cika. Me zai riƙe mutum?

Nura:
Baba, ai ba a ɗaure ɗan kasuwa da igiya. In ka sa masa sharaɗin dole ya zauna inda babu kasuwa, ka kashe kamfanin da kanka.

Baba Ilyasu:
Ɗana, ban ce igiya ba. Tambaya na yi.

Zainab:
Baba, abin da zai riƙe ni shi ne mai saye. In masu sayen kayana suna yankin, ina zan je? Matsalar ita ce ana tallafa wa manhajojin da aka kwaikwayo daga manyan birane, waɗanda masu amfani da su ba sa yankin, sai a yi mamaki in mai su ya bi su. Da za a duba abin da yankin ya riga ya iya, noma ne, ko ƙira, ko saƙa, ko sufuri, a nemi masu warware matsalar waɗannan sana'o'i, da ba sai an roƙe su su zauna ba.

Dakta Hadiza:
Zainab, abin da kika faɗa shi Tarayyar Turai ta mayar sharaɗi a kasafinta na 2014 zuwa 2020. Kafin yanki ya karɓi kuɗin bincike da ƙirƙira daga asusun raya yankuna, sai ya zauna da kamfanoninsa da jami'o'insa ya fitar da 'yan fannonin da yake da ƙarfi a kai. Sun yi haka ne don sun gaji da ganin kowane yanki yana cewa shi ma zai zama cibiyar fasahar halittu ko ta kwamfuta, ko yana da masu iyawa ko babu.

Kuma ƙirƙira ba lallai sai sabon kamfani ba. Cibiyoyin Fraunhofer na Jamus, fiye da 70 a warwatse a faɗin ƙasar, aikinsu warware wa kamfanonin da ke nan matsalolin fasaha. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu ne gwamnati ke bayarwa kai tsaye, sauran sai sun nemo ta kwangila, don haka dole su yi abin da wani ke son biya. Akwai kuma ƙaramin salo mai arha: a 2004 Holan ta raba wa ƙananan kamfanoni takardar yuro 7,500 da za su kai wa jami'a ko cibiyar bincike ta yi musu aiki. Masu nema sun fi takardun yawa, sai aka raba da ƙuri'a. Mai gyaran injinan da Zainab ta ambata, irin wannan takarda ce za ta haɗa shi da injiniyan jami'a ya auna masa zafin na'urarsa.

Abu ɗaya kuma, Hajiya, don na san zai taso: wani zai ce a yi amfani da kuɗin a jawo babban kamfani ɗaya daga waje. Nazarin da aka yi kan tallafin yankuna na Birtaniya ya nuna ayyukan yi sun ƙaru a ƙananan kamfanoni, manyan kuwa sun karɓi kuɗin ba su canza abin da dama za su yi ba. Jihar Wiskonsin a 2017 ta yi wa Foxconn, babban kamfanin haɗa kayan lantarki na Taiwan, alkawarin kusan dala biliyan 3 a kan ayyuka 13,000. A 2021 aka sake yarjejeniyar zuwa ayyuka 1,454.

Hajiya Rabi:
Dakta, sau biyu kin ambaci ƙuri'a. Shawara kike ba ni in kai ta kwamiti?

Dakta Hadiza:
E, ita nake ba ki. Alƙalai su tace, da ziyarar ido kamar yadda Zainab ta ce, su fitar da duk wanda ya cancanta. In sun fi kuɗin yawa, a buga ƙuri'a a bainar jama'a. Hukumar binciken lafiya ta Niyuzilan ta fara yin haka a wani rukunin tallafinta a 2013, hukumar tallafin binciken kimiyya ta Suwizalan ma tana yi idan maki ya zo kunnen doki. Riba biyu ce. Mai son saka ɗan'uwansa ba shi da inda zai sa hannu a matakin ƙarshe. Sannan bayan shekara uku za ku iya kwatanta waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba, ku san ko shirin ya yi aiki.

Injiniya Bashir:
A nan kam ban bi ki ba, Dakta. Mutum ya yi shekara biyu yana wahala a kan abu, a ce masa takarda aka zaro daga akwati ba sunansa? Gara a ce min wani ya fi ni, in koma in gyara. Kuma jama'a za su ce caca ce da kuɗin gwamnati.

Dakta Hadiza:
Caca sai an sa wani abu a ci ko a rasa, Injiniya, a nan ba wanda ya sa komai. Na fahimci zafin da kake nufi. Amma in makin wanda ya ci 78 ne naka 76, kuma an san wannan tazara ba ta nuna komai, cewa ya fi ka ba gaskiya ba ce, ko da ta fi daɗin ji.

Injiniya Bashir:
Ko da haka ne. Mutum yana son ya ji ƙoƙarinsa ne ya kai shi.

Baba Ilyasu:
Ni abin da nake so a ƙuri'a shi ne tana kare ma'aikaci mai gaskiya. Waya za ta shigo daga sama, a ce ga sunan wane. In akwai ƙuri'a, sai ka ce ranka ya daɗe, iyakar abin da zan iya shi ne in tabbatar ya shiga akwati in ya cancanta. Na yi shekarun da da ina da wannan amsa, da na yi barci mai daɗi.

Sai maganar lokaci. Dandalin bincike na Research Triangle a Karolina ta Arewa an kafa shi a 1959 tsakanin jami'o'i uku, ya yi shekaru kusan babu motsi, sai a 1965 da kamfanin kwamfuta na IBM ya zo abin ya kankama. Taiwan ta kafa cibiyar binciken masana'antu a 1973, dandalin kimiyya na Hsinchu a 1980, TSMC, babban kamfanin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya fito daga wannan cibiya a 1987. Shekara goma sha huɗu ke nan. Kuɗin da za ku zuba a shekara ɗaya, Hajiya, in doka ta yarda a shimfiɗa shi a zagaye huɗu ko biyar, ya fi. Zagayen farko koyo za ku yi.

Hajiya Rabi:
Jama'a, na dawo, an yi zaman jiya. Ginin bai fita ba, amma tambayar Malam Auwal ta wa zai biya wuta a shekara ta uku ba wanda ya iya amsa ta, don haka an amince a fara duba ɗakunan kwalejin fasaha kafin a aza harsashi, kuma an tura wa masu kasafi su kawo lissafin gudanarwa. An karɓi ziyarar ido, an karɓi rage fom ɗin. Ƙuri'a an ƙi ta, Dakta, mutum biyu kaɗai muka goyi baya, kuma hujjar Injiniya ce aka kawo kusan kalma da kalma. Abin da na samu shi ne za a adana bayanan waɗanda suka faɗi da ƙyar a riƙa bibiyarsu tare da waɗanda suka ci. Biyan kashi uku an ce in kawo shi a rubuce mako mai zuwa, mai binciken kuɗinmu yana da ja a kan kashin farko.

Dakta Hadiza:
Bibiyar waɗanda suka faɗi da ƙyar ba ƙaramin abu ba ne, ita Howell ta yi amfani da ita. Ki tabbatar an rubuta makin kowa an kulle kafin a sanar da sakamako, kuma a nemi izinin bibiyar a jikin fom ɗin nema tun farko, don wanda ya faɗi ba ya son ɗaga waya daga baya.

Injiniya Bashir:
Hajiya, kan kashin farko, ki ce wa mai binciken kuɗin in kayan aiki ne za a saya, hukuma ta biya mai sayarwa kai tsaye bisa takardar farashi, kuɗin ba sai ya bi ta hannun mai karɓa ba. Albashi da ƙananan kashe-kashe ne kaɗai za su shiga asusun kamfani. Zan turo miki yadda zan rubuta sakin layin yau da dare, Malam Auwal ya duba shi kafin ki kai.

Malam Auwal:
Turo, Injiniya. Ka sa wa'adin kwana talatin ɗin nan a ciki, da sunan muƙamin jami'in da zai amsa tambaya in an wuce shi.